Neman shawara: sauya fikof da wayoyin jita mai araha domin kiɗan rok na shekarun 1970

Ɗan_Tsirkiya:
Assalamu alaikum. Ina da jitar lantarki mai araha, ƙirar Sin, mai siffar Les Paul (wata shahararriyar jita ta kamfanin Gibson), da fikof biyu (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) nau'in hambaka, wato mai naɗin waya biyu. Burina shi ne in kusanci sautin da makaɗan jitar rok Jimmy Page da Angus Young suka shahara da shi, amma idan na rage ƙara daga jikin jitar sai sautin ya dushe, kuma makunnin ƙarar yana ƙaraf-ƙaraf duk lokacin da na murɗa shi. Kuɗin da na ware ba zai ishe ni sayen komai lokaci guda ba. Shin da fikof ya kamata in fara, ko da wayoyin ciki?

Malam_Amfilifaya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka fara da wayoyi, domin matsaloli biyun da ka ambata duka a can suke, kuma gyaransu bai kai kuɗin fikof ɗaya mai suna ba. Ka nemi makunnai masu ƙarfin 500k (awon juriyarsu ga lantarki), waɗanda su ne suka dace da hambaka, tun da masu 250k an fi sa su ga fikof mai naɗi ɗaya kuma za su ƙara dusar maka da sauti. Kafasita (ƙaramar na'urar da ke tace kaifin sauti) mai 0.022 ta wadatar, kuma kada wani ya ruɗe ka da masu tsada da ake tallatawa da sunan tsohon yayi, domin lambar da ke jikinta ce ke aiki.

Abin da zai fi amfanarka shi ne haɗin da Gibson ke yi a shekarun 1950, inda ake jona kafasitar a ƙafar tsakiya ta makunnin ƙara maimakon ƙafar da wayar fikof ke shiga. Waya ɗaya kawai za ka matsar, amma kaifin sautin zai tsaya ko da ka rage ƙara. Wannan yana da muhimmanci ga kiɗan da kake so, saboda makaɗan wancan zamani sukan buɗe amfilifayar Marshall sosai, sannan su riƙa tace sautin da ɗan yatsa daga jikin jita. Aibinsa guda shi ne makunnan biyu za su riƙa shafar juna, sai hannunka ya saba.

Hajiya_Rok:
Na yarda da Malam a kan wayoyi, sai dai ina ganin ba za su kai ka inda kake so su kaɗai ba. Yawancin jitoci masu araha suna zuwa da maganaɗisun seramik da naɗi mai yawa, wanda ke ba da ƙarfi amma yana cushe sauti. Hambakar da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wadda ta fara fitowa a kan Les Paul a 1957 kuma ake kira PAF, maganaɗisun alniko gare ta, kuma awon juriyar naɗinta bai cika wuce 7k zuwa 9k ba. Don haka idan lokacin saye ya yi, kada ka bi masu alfahari da 16k. Fikof ɗin Seymour Duncan '59 an yi ta ne a kan tsarin PAF, idan kuma ta yi maka tsada, kamfanonin Tonerider da Wilkinson suna da masu alniko a farashi mai sauƙi. Ka fara sauya ta kusa da gada (ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jita), domin a nan ake kaɗa mafi yawan wannan kiɗa. Kafin ma ka kashe ko sisi, ka gwada sassauta kusoshin gefe ka ɗan nisanta fikof daga tsirkiya, ka saurari bambancin.

Mai_Gyara_Fagge:
Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ne ke ba mutane wahala. Makunnan Amurka irin su CTS an yi su da awon inci, wuyansu ya fi ramin jitocin Asiya kauri, saboda haka ko dai ka faɗaɗa ramin a hankali kada fentin ya tsage, ko ka sayi na kamfanin Alpha masu awon milimita. Kawunan roba ma ba lallai su shiga ba. Idan ba ka taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba, ka kai wa mai gyaran rediyo tare da zanen haɗin, ka kuma tunatar da shi wayar da ke zuwa gada, wadda idan aka manta da ita jitar za ta riƙa ƙugi ko da ka dafa tsirkiya.

Ɗan_Tsirkiya:
Allah Ya saka muku da alheri. Zan fara da makunnan Alpha da haɗin shekarun 1950 a wannan wata. Hajiya, idan na sauya ta gada kaɗai, ba za a sami bambancin ƙarfi tsakaninta da ta wuya ba?

Hajiya_Rok:
Za a iya samu, amma saukar da ta wuya kaɗan yakan daidaita su. Abin da za ka kula da shi shi ne launukan wayoyi, domin kowane kamfani da nasa tsarin, kuma idan aka juya su sautin zai siranta sa'ad da ka haɗa fikof biyun a tsakiya.