Tambaya kan toshe hujin zuciyar jaririya ba tare da tsaga ƙirji ba

Baban Hauwa'u, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗiyata watanta huɗu da haihuwa, kuma tun bayan arba'in muka lura ba ta shan nono ta ƙoshi. Da ta kama sai ta saki tana haki, zufa ta jiƙe mata goshi, nauyinta kuwa bai kai kilo 5 ba. An yi mata hoton zuciya, aka ce akwai huji mai faɗin milimita 8 a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, kuma likita ya ce sai tiyata. Wani abokin cinikina a kasuwar Mile 12 ta nan Legas ya ce mini yanzu ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya a toshe hujin ba tare da an taɓa ƙirji ba. Mahaifiyata kuma daga Kano tana cewa a ƙyale ta, irin wannan yana haɗewa da kansa. Kaina ya kulle, ina neman wanda ya san kan lamarin.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya. Maganar Hajiya tana da tushe, domin ƙananan huji, musamman waɗanda suke cikin tsokar bangon, da yawa sukan haɗe da kansu cikin shekarun farko; amma jaririn da hujinsa ƙarami ne yana shan nono lafiya kuma yana ƙiba, taka kuwa alamunta na babban huji ne. Jini yana kwarara daga ɓangaren hagu zuwa na dama, ya cika huhu fiye da ƙima, shi ya sa take haki. Idan aka daɗe a haka, jijiyoyin huhun sukan yi tauri har a kai matsayin da rufe hujin ba zai yi amfani ba, don haka likitoci suke son a rufe irinsa kafin yaro ya shekara. Maganin sa fitsari da ake bayarwa yana rage ruwan da ke huhu ne kawai, ba ya rufe komai.

Abokinka ma bai yi ƙarya ba. Matoshin da ake sakawa saƙar waya ce ta gamin nikel da titaniyom, mai faifai biyu da ƙugu a tsakiya, wadda ake naɗewa cikin bututu, idan an kai ta wurin sai ta buɗe ta kama bangon ta fuska biyu. Sai dai abu biyu ne ke yanke hukunci: nauyin yaro da wurin da hujin yake. Jijiyoyin jaririn da bai kai kilo 5 ba sun yi ƙanƙanta ga bututun. Sannan mafi yawan irin wannan huji a sama yake, dab da bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki, wato 'yar ƙofar da ke hana jinin komawa baya, kuma ta gefen hujin ne hanyar da ke ɗauke da saƙon bugun zuciya ta ratsa. Idan matoshi ya danne wannan hanya, bugun yakan ragu ƙwarai, wani lokaci bayan watanni, har a buƙaci dasa na'urar daidaita bugu. Ka tambayi likitan ainihin inda hujin yake.

Maman Sadiƙ, Obalende:

Baban Hauwa'u, na san wannan fargaba. Ɗana da matoshi aka yi masa a Indiya, amma sai da ya shekara biyu yana da kilo 11, kuma nasa hujin a ƙasa yake cikin tsoka, nesa da bawul. Kwana biyu muka yi a gado aka sallame mu, babu tabo sai ɗan wurin allura a cinya. Ya sha asfirin na wata shida kafin fatar cikin zuciyar ta lulluɓe matoshin, aka kuma ja mana kunne kan tsaftar haƙora, saboda ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su maƙale a wurin. Mu an ba mu damar jira ne domin yana ƙara nauyi. Da ya tsaya kamar taka, ba na jin za su bari mu kai haka.

Malam Na-Alaba, Alaba Rago:

Ina so in rage maka tsoron tiyatar, domin mutanenmu suna ɗaukar duk abin da ya zo daga baya a matsayin wanda ya fi. Tun 1954 Dakta Walton Lillehei ya fara ɗinke irin wannan huji a Minnesota ta Amurka, a lokacin da ake haɗa jinin yaro da na mahaifinsa, zuciya da huhun uban su riƙe ɗan har a gama aiki. Toshewa ta bututu sai a 1988 Dakta James Lock ya ba da rahotonta a Boston. Ke nan tiyata ta girme ta da fiye da shekara 30, kuma har yau ita ce aka fi dogara da ita ga jarirai masu babban huji na sama. Akwai hanya ta uku, inda ake ɗan tsaga ƙirji a saka matoshin kai tsaye ta jikin zuciya tana bugawa, amma ita ma ta fi dacewa da hujin cikin tsoka. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai hoton zuciyar zuwa asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja wani likitan zuciyar yara ya sake dubawa, amma a cikin makon nan.

Baban Hauwa'u, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira likitan ɗazu, ya tabbatar mini hujin a sama yake kusa da bawul, kuma ya ce kafin ranar aiki a riƙa ba ta nono kaɗan-kaɗan a kai a kai domin ta ƙara nauyi. Saura in shawo kan Hajiya, kuma na roƙi ƙanin mahaifina ya je gida gobe ya yi mata bayani.