Kuɗin ɗaya ne kawai: masu amada ko waƙar situdiyo a yinin bikin ƙanwata?

Maman Ilham
Salamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Wata mai kamawa ne bikin autarmu a Zariya, kuma ni aka ɗora wa yinin mata. Bayan kuɗin zaure da abinci, naira dubu 350 ta rage a hannuna. Hajiyarmu ta kafe sai an kawo masu kiɗan ƙwarya, ta ce tun da Barmani Choge ta rasu ba ta sake jin macen da ta isa a kira mawaƙiya ba, to ko masu kwaikwayonta ne a nemo mata. Amarya kuma ta rantse ba za a kife ƙwarya a gaban ƙawayenta na jami'a ba. Ita waƙar situdiyo take so da muryar mace, a sa sunanta da na ango. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Taron mata ne zalla, daga la'asar zuwa magariba, kuma dangin ango ba sa son namiji ya shigo ko da makaɗi ne. Wacce ta taɓa ɗaukar ɗaya daga ciki, nawa ta biya, kuma yaya aka ƙare?

Abba Sauti
Hajiya ki huta da wahala, DJ za ki ɗauka. Ina da yara huɗu ƙwararru da manyan sifiku, har sha biyun dare za su yi miki.

Anti Rabi Tudun Wada
Abba ka karanta kuwa? An ce mata zalla, an ce zuwa magariba. Ko yaran naka hijabi za su sa?

Ɗan Funtuwa
Hajiyarku ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni a garin Barmani na tashi, ina yaro nakan raka gwaggona gidan biki in maƙale a bakin zaure. Ba injin, ba lantarki. Ƙore ne a kife, wasu a cikin ruwa, 'yan amshi a jere, ita a tsakiya. Za ta dubi matar da ta shigo yanzun nan ta ɗaura mata baiti a take, har da abin da ta dafa wa kishiya jiya. Ga habaici ga wa'azin sana'a, tana gaya wa mata su tashi su nemi na kansu tun kafin ƙungiyoyi su fara yawo da wannan magana. Tun 2013 da ta rasu wurin nan a buɗe yake.

Inna Ta Mandawari
Ɗana, Barmani gwana ce, ba musu. Amma mu a Kano kafin mu san sunanta Uwaliya Mai Amada muke ji. Ku tambayi iyayenku.

Baba Na Fagge
In dai maganar mace mafi iya waƙa ake yi, ku bar batun ƙwarya. Lata Mangeshkar ta Indiya. Mu da muka cika silimar Plaza da El Dorado a shekarun 1970 muryarta ce ta raine mu. Ba ma jin yaren, amma muna fitowa da waƙar a baki. Ta haura shekara 70 tana yi, jarumar da ta yi wa murya ta tsufa ta yi wa sa'ar 'yarta. Ranar da ta rasu a Fabrairun 2022 abokaina har gaisuwa suka kira ni suka yi mini.

Kwamandan Shayi
To Maman Ilham an gama, a turo Lata Zariya. Dubu 350 ta isa kuɗin jirgi zuwa Lahira da dawowa?

Ummu Sadik
'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau, don ni na sha ruwan waƙar situdiyo har ya shaƙe ni. Bara na aurar da 'yata ta fari a Kaduna. Aka haɗa ni da wani da ya ce shi ne manajan wata mawaƙiya da kowa ya sani, ba zan kama suna ba. Ya yanka mini dubu 200, ya ce a biya duka kafin a shiga situdiyo. Na biya. Na tura masa sunaye a rubuce: amarya, ango, iyaye ta kowane ɓangare, kakanni, har da kirarin gidanmu. Daga nan aka shiga yau da gobe. Yau babu wuta, gobe Hajiya ta tafi Abuja wasa, jibi mura ta kama ta.

Sai daren da za a wayi gari kamu waƙar ta shigo ta WhatsApp. Gida cike da baƙi, na saurari farkonta a tsaye a bakin kicin, na ji sunan 'yata ya fito raɗau, na ce alhamdu lillahi na tura wa mai sa kiɗa.

Ranar taro amarya ta shigo, ana ta guɗa, waƙa na tafiya. Da aka zo baitin uwar ango sai muka ji an ambaci wani suna daban, an kuma maimaita shi sau uku da kirari. Ƙaddara ta sa sunan nan shi ne sunan kishiyar uwar angon, wadda shekara da shekaru ba sa ga maciji. Matar nan ta miƙe ta gyara mayafi ta fita, danginta suka bi ta, tebur uku suka zama wayam. Na bi ta har mota ina rantsuwa, ko kallona ba ta yi ba. Har yau ta yi imani da gangan muka yi, kuma 'yata ce take biyan bashin a gidan miji.

Bayan wata biyu ƙanwata ta turo mini bidiyon wani biki a TikTok. Waƙarmu ce sak, kiɗa ɗaya, baiti ɗaya, har da sunan nan, don ashe uwar wancan angon ce mai shi. Tsohuwar waƙa suka ɗauko suka canza sunaye, suka manta ɗaya. Wani ɗan unguwarmu da ke harkar ya saurara ya ce mini muryar ma ba ta mawaƙiyar ba ce. Na kira manaja, ya toshe lambata.

Anti Rabi Tudun Wada
Inna lillahi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba ki kai ƙara ba?

Ummu Sadik
Da wace takarda? Asusun da na tura wa kuɗin ma sunan wata mace ne daban. Maigida ya ce in bar wa Allah, tonon ya fi asarar ciwo.

Zee Kwalisa
Allah ya ba ki haƙuri Mama, amma dubu 200 ai ke ma an ga wuri ne. Ni dubu 60 aka yi mini tawa a Kano, kwana huɗu aka ba ni, kuma na zauna a situdiyon aka rera sunaye a gabana.

Maman Walid
Dubu 60 a wace shekara? Watan jiya na tambaya wa ƙawata, mai suna ta ce dubu 500 waƙa kawai, in za ta zo da kanta kuma miliyan ɗaya ban da masauki.

Zee Kwalisa
Kin ce mai suna. Ni murya na saya, ban sayi suna ba.

Hajiya Ta Samaru
Maman Ilham ni a Zariyan nike. Mun ɗauko masu ƙwarya a sunan jikana, mata bakwai, dubu 80 da kuɗin mota da abinci, sauran a liƙi suka samu. Wuri ya yi kyau, tsofaffi sun taka har da masu ciwon gwiwa. Amma ki ja wa shugabarsu kunne tun a gida. Baitocin amada akwai masu nauyi, na tsakanin mata ne, in dangin angonku masu tsanani ne za a ji kunya.

Maman Walid
Dubu 80? Namu dubu 220 suka karɓa, kuma suka ƙi tashi sai da aka ƙara musu turmin atamfa.

Malam Sani Mai Littafi
Ni dai shawarata a yi walima, a kira malama ta yi nasiha, a raba abinci. Kuɗin ya tafi kayan ɗaki.

Zee Kwalisa
Ikon Allah. Tambaya a kan yinin mata, amma maza sun fi mu baki. Ɗaya na tallan DJ, ɗaya na silima, ɗaya na walima. Cikinku wa ya taɓa zama a yini?

Baba Na Fagge
'Yata, 'ya'ya mata shida na aurar, kuma duk kuɗin yinin daga aljihuna ya fita. Wanda ya biya yana da ta cewa. Ke nawa kika aurar?

Inna Ta Mandawari
Alhaji ka biya, amma kana waje kana jiran a miƙo maka tuwo. Mu da muke ciki mu muka san wacce ke tayar da mata daga kujera.

Ɗiyar Maraɗi
Ku yi ta gardama, mu dai mun ba ku Fati Nijar, ɗiyarmu ce ta Maraɗi kafin ta koma Kano. Kuma wanda bai ji marigayiya Hamsu Garba ba kada ya yi saurin yanke hukunci. Nan wajenmu zabiya da 'yan amshinta jika 100 zuwa 150 na sefa mun ka ba su a armen ƙanwata, ba wani manaja tsakani, ita da kanta a ka zuwa a gani.

Abu Hanan Kassala
Gaisuwa daga Sudan. Ina mamakin yadda Hausawan gida ba su san A'isha Falatiya ba. A nan Kassala aka haife ta, iyayenta mutanen Sakkwato ne da suka biyo hanyar aikin Hajji suka zauna. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, a 1942, lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta rera a bainar jama'a. Ta rasu a 1974 kuma har yau ana sa waƙoƙinta. In kuma faɗin duniyar Larabawa ake nufi, to Ummu Kulsum ta Masar. Kakana ya ce daren Alhamis ɗin farko na kowane wata shaguna kan cika a gaban rediyo, waƙa ɗaya ta kusa awa guda ba wanda ya motsa.

Kwamandan Shayi
Waƙa ɗaya awa guda? Daga la'asar zuwa magariba biyu da rabi kenan, an tashi taro ba a ci shinkafa ba.

Malama Hadiza
Ba a haɗa su a ma'auni ɗaya. Lata da Ummu Kulsum an rubuta musu, an tsara musu kiɗa, ƙwararru sun zauna a bayansu. Barmani ita ce marubuciya, ita ce mai rerawa, a gaban mutane, ba damar a goge a sake. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu kuma da ta zo Legas bikin al'adu na FESTAC a 1977 tana gudun hijira ne, gwamnatin wariyar launin fata ta hana ta komawa gida tun 1960. Kowacce da abin da ta ɗauka a kai. Amma in an ce in zaɓi wacce za ta riƙe mata ɗari biyu a tsakar gida ba makirfo, ba na ma dogon tunani.

Muryar Baya
Mama Ummu Sadik, ki yafe mana. Ban san wacce ta yi taki ba, amma irin aikin da nake yi kenan. A kira ki situdiyo da rana tsaka, a miƙo miki takarda, ki rera sunayen mutanen da ba ki taɓa gani ba, a ba ki dubu 7 ko 10, wani lokaci a ce sai an biya. Sai a wurinki yau na ji ana karɓar dubu 200. Haka a waƙoƙin fim: jaruma ta motsa baki ta yi suna, namijin da muka yi tare a rubuta sunansa a sama, ke ko a ƙasa babu. Su Fantimoti da Maryam Sangandale da Rabi Mustapha sun yi sa'a an san su, bayansu akwai mu da yawa.

Baba Na Fagge
Wannan ciwon tsoho ne 'yata. Ita kanta Lata, a faifan waƙarta ta fim ɗin Mahal na 1949 ba sunanta aka buga ba, sunan matar cikin labarin aka sa. Daga baya ta tsaya kai da fata a kan haƙƙin mawaƙa, har suka ɓata da mawaƙi Mohammed Rafi suka yi shekaru ba sa waƙa tare. Ku haɗa kai ku ƙi shiga situdiyo sai an rubuta suna.

Muryar Baya
Baba in na ƙi, kafin in kai bakin titi an kira wata.

Maman Ilham
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Hajiya labarin Ummu Sadik ta ce kin gani ko, na karanta wa amarya na Hajiya Ta Samaru ta ce kin ji ai batsa suke yi. Yanzu ba sa magana da juna. @Muryar Baya in na zo wajenki kai tsaye fa?

Muryar Baya
Sai an biya mai kiɗa da mai situdiyo, Anti, kuma in suka ji na tsallake su shi kenan ni da aiki a wajen.

Maman Walid
Ko wanne kika ɗauka ki ware kuɗin liƙi, nan ne ramin yake. Masu ƙwarya in ba a liƙa ba waƙar sanyi take yi. Sabbin 'yan ɗari biyu na dubu 20 sai da na ba mai canji dubu 27 a bakin zaure.

Anti Rabi Tudun Wada
Ke an yi miki sauƙi, mu dubu 30 muka biya. Ka je banki a ce babu sabbin kuɗi, ka fito ka tarar da su ɗauri-ɗauri da ledarsu a hannun yaro a ƙofar gidan biki. Daga ina suke fitowa?

Malam Sani Mai Littafi
Kuma ku sani liƙin kansa laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007: ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla dubu 50, ko duka biyun. An ɗaure mutane a kai.

Hajiya Ta Samaru
Mu faranti muka ajiye a gaban zabiya kowa ya zuba. Ƙawayen amarya suka ce ba ya kyau a bidiyo.

Zee Kwalisa
Yanzu ai akwai takardun liƙi da ake bugawa da hoton amarya, ki saya da tiransifa a bakin ƙofa, daga baya a canza wa mai waƙa.

Anti Rabi Tudun Wada
An yi mana haka a Kaduna. Mai buga takardun ya cire kashi goma, ya kuma ɓace kafin a tashi. Akwai wanda ya san inda ake samun sabbin 'yan ɗari a Kano ba tare da an yanke mutum ba? Nawa bikin saura kwana tara.