Shin da sauran ɗan jaridar da za a yarda da shi?

Baban_Khalifa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin jarida daga ciki take. Me ke sa ɗan jarida ya shekara da shekaru yana caccakar gwamnati a kan asibitin da babu magani da albashin da ba a biya ba, ana gama zaɓe sai ka ji an naɗa shi mai magana da yawun wanda ya ci, ya dawo yana kare irin abin da ya saba suka? Haka ta faru da wani mai gabatar da shiri da nake matuƙar ganin girmansa. A da ko aiki nake sai na ajiye na saurare shi. Yanzu in na ji muryarsa sai zuciyata ta riƙa raya min cewa tun can ma ba kishin talaka ba ne, kasuwa ya baje yana jiran mai tayi.

Abin da ya fi damuna shi ne babban ɗana. In na ce masa na ji labari a rediyo, sai ya ce, "Baba, ai duk biyansu ake yi." Amma shi ɗin ne zai kawo min saƙon murya na WhatsApp da ba a san wanda ya yi shi ba, ya ce ga gaskiya. Na rasa me zan ce masa. Ta yaya mutum irina zai gane wanda ya cancanci a yarda da shi?

Tsohon_Wakili:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Na daɗe ina aikin ɗauko rahoto kafin in koma koyarwa, kuma ba zan ƙaryata ɗanka gaba ɗaya ba.

Ɗan siyasa zai kira taron manema labarai. Ana tashi, sai hadiminsa ya tsaya a bakin ƙofa da takarda, kowa ya rubuta sunansa da na gidan da ya turo shi, a miƙa masa ambulan a ce kuɗin mota ne. Yaron da ya karɓa wataƙila ya kwashe watanni rabonsa da albashi. Wasu gidajen ma katin shaida kawai suke ba ka, su ce ka je ka nemi na kanka. Babu wanda zai ce masa ya rubuta ƙarya. Tambayar da ya shirya a kan kwangilar da aka biya kuɗinta ba a yi aikin ba, ita zai haɗiye, domin ya san in ya yi ta, taro na gaba ba za a gayyace shi ba. Washegari ka karanta rahoton, ba za ka sami ƙarya ko ɗaya ba, amma jawabin mai gida ne tun daga farko har ƙarshe.

Babbar matsalar kuma tana sama da yaron. Na taɓa kai rahoto a kan wata ma'aikata, da takardun shaida a hannuna. Edita ya karanta, ya jinjina kai, ya ce aiki ya yi kyau, ya jefa shi a aljihun tebur. Da yamma wani abokin aiki ya faɗa min dalili: ma'aikatar ce ke ba mu talla mafi tsoka, kuma muna bin ta bashin tallan baya. Rahoton bai taɓa fitowa ba, kuma har yau abin yana min ciwo. Shi ya sa nake cewa in kana son sanin jarida, fara tambayar wa ya mallake ta da kuma wa ke ba ta talla.

Batun mutuminka da ya zama kakaki, karɓar aikin shi kaɗai ba laifi ba ne. Inda nake ganin cin amana shi ne in tun yana riƙe da makirufo ya riga ya ƙulla da su, masu sauraro ba su sani ba.

Amma kalmar "duk" ɗin nan ta ɗanka ban yarda da ita ba. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian ta Legas shekara guda a ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 4. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka aika wa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, bam cikin ƙunshin saƙo har gidansa, ya rasa ransa, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. A Burkina Faso, cikin Disamba 1998, an tsinci gawar ɗan jarida Norbert Zongo a ƙone cikin mota, lokacin da yake bin diddigin mutuwar direban ƙanin shugaba Blaise Compaoré. Da waɗannan suna sayuwa, ai da ba a kai ga haka ba.

Maman_Nana:

Malam, Allah ya saka da alheri, amma ni ban gamsu cewa rashin albashi ne tushen abin ba. A Ingila ai ana biyansu. Duk da haka a Yulin 2011 aka rufe jaridar News of the World bayan an gano ana kutse cikin saƙonnin wayar mutane, har da na wata yarinya da aka kashe. Kuma tsohon editanta, Andy Coulson, shi ne ya zama babban jami'in yaɗa labarai na Firayim Minista David Cameron, daga baya aka ɗaure shi a 2014. A Amurka, kafin yaƙin Iraƙi na 2003, manyan jaridu sun yi ta yaɗa zancen makaman ƙare-dangi kamar yadda jami'an gwamnati suka ba su, makaman da ba a taɓa samu ba. Sai a 2004 New York Times ta fito ta amsa cewa ba ta tsananta bincike yadda ya kamata ba. Su waɗannan wa ya hana su albashi?

A ganina kusanci ne cutar. Ɗan jaridar da babban mutum ke kiransa da sunansa, yana tsegunta masa labari kafin kowa, yana tafiya da shi ƙasashen waje, da wuya ya iya tsare shi da tambaya mai zafi, ko da sisi bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Abba_Injiniya:

Baba, ni sa'an ɗanka ne, kuma mun daɗe muna wannan gardamar da abokaina. Abin da nake ce musu shi ne su duba wa ke cin riba idan muka daina yarda da kowa. A 2017 Donald Trump ya kira wasu kafofin labarai maƙiyan al'ummar Amurka, kuma 'yan siyasa a ƙasashe da yawa suna bin wannan hanyar. In aka bankaɗo badaƙala, ba sai ka kawo hujjar wanke kanka ba, ka ce kawai an biya ɗan jaridar, magoya bayanka su hau intanet su yi masa ca. Cikin kwana biyu an manta da kuɗin da suka ɓace, ana ta gardama a kan wanda ya rubuta. Shi kuma mai saƙon muryar nan ba shi da suna, ba shi da ofis, babu wanda zai kai shi kotu in ya yi ƙarya.

Tsohon_Wakili:

Hajiya Maman Nana, kin faɗi gaskiya, kusancin nan na gan shi da idona, kuma ya fi ambulan wuyar magani.

Baban Khalifa, ga abin da nake yi in labari ya zo min. Ina duba ko an ambaci sunan majiya ko an nuna takarda, da ko an nemi jin ta bakin wanda ake zargi. In gidan jaridar bai taɓa fitowa ya ce ya yi kuskure ya gyara ba, ina ɗari-ɗari da shi, domin babu mai aikin nan kullum bai taɓa tuntuɓe ba. Wanda na fi ba muhimmanci kuwa shi ne ko sun taɓa buga labarin da zai ɓata wa mai gidan rai ko jam'iyyarsa. Ka zaɓi labari ɗaya ku bi shi kai da ɗanka a kafofi biyu masu saɓanin ra'ayi, ku ga abin da kowacce ta tsallake.

Maman_Nana:

Malam, saura tambaya ɗaya da ba mu taɓa ba. Yawancinmu a waya muke karanta labarai kyauta, ba ma sayen jarida, ba ma biyan kuɗin rajista. In ba mu ne ke biyan albashin yaron nan da ka kwatanta ba, wa muke so ya biya shi? Akwai wanda ya san gidan jaridar da masu karatu ne kaɗai ke ɗaukar nauyinsa, ya faɗa mana yadda suke tafiyar da shi?