Yaya zan faɗa wa kocinmu gaskiya ba tare da na ɓata mata rai ba?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ina zuwa motsa jiki na mata a wani wuri nan Yamai, Litinin, Laraba da Juma'a da marece, jika goma a wata. Likita ce ta tura ni saboda hawan jini da ƙiba. Mai koya mana yarinya ce mai ƙoƙari, kuma ɗiyar ƙawata ce, Tanti take kirana. Matsalar ita ce da mun shiga sai ta kunna kiɗa ta hau tsalle, babu ɗumama jiki. Mu da muka haura arba'in muna layin baya muna haki, ita tana gaban madubi tare da ƴan matan jami'a, ba ta ko waigowa. Sifika ma ta cika ƙara, ba ma jin ƙirgenta. Yanzu gwiwata ta dama tana ciwo idan zan yi ruku'u. Wasu sun daina zuwa shiru, saura suna gunaguni a wurin sa takalmi, sun ce ni ce babba, in je in gaya wa mai wurin. Ni kuma ina tsoron in zama sanadin raba ta da abincinta. Me kuke gani?

Maman Biyu:
Kada ki je wurin mai wurin tukuna, Hajiya. Mai wuri kuɗi yake ƙirgawa, idan ya ji mutane na gudu saboda ita, gobe wata za ki gani a gaban madubin. Ki kira ta gefe ku biyu. Kuma kada ki ce "mata sun ce", za ta kwana tana tunanin su wane ne.

Ƴar Harobanda:
Hhh ni dai da na bar musu kayansu. Kewayen filin wasa na Stade Seyni Kountché kyauta ne, da asuba har da tsofaffi ake zagayawa, babu mai sa ki tsalle.

Koci ta Yantala:
Ni wannan sana'ar nake yi, bari in faɗa miki yadda abin yake daga gaba. Wanda ke gaban aji ƴan layin farko yake gani, su kuma kullum su ne masu ƙarfi. Idan suna murmushi sai ka ɗauka kowa lafiya. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne mutum ya ɓace ba mu san dalili ba.

Amma yadda za ki faɗa yana da muhimmanci. Idan kika ce "wasan naki ya yi tsanani", ba ta san me za ta gyara ba. Ki zo minti goma kafin lokaci, ki ce mata: ɗiyata, tsallen nan da ake buɗe ƙafa ana tafa hannu sama yana taɓa mini gwiwa, nuna mini wanda zan yi a madadinsa. Akwai shi, ana ɗaga hannu ana taka ƙafa gefe ɗaya bayan ɗaya, ƙafa guda na ƙasa ko yaushe. Duk kocin da ta koyi aikinta ta san wannan. Daga nan sai ki roƙi minti biyar zuwa goma na ɗumama jiki a farko. Maganar kiɗa ki bar ta sai wani satin, kada ki juye mata kaya gaba ɗaya.

Inna Ma'aikaciyar Jinya:
Ni gwiwar ce ta fi damuna. Idan ta kumbura ko tana ƙagewa, ki dakata da tsalle ki je a duba ki, wannan ba ya jiran a gama lallashin koci. Kuma dole ta san kina da hawan jini, domin kada ta sa ki riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, hakan na ɗaga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 a mako ta ba manya shawara, na motsi matsakaici, wato wanda za ki iya magana kina cikin yi amma ba za ki iya rera waƙa ba. Idan kalma biyu ma ba ta fita, kin wuce gona da iri. Ga Afrilu na tafe, zafi ya haura digiri 40, ku roƙi hutun shan ruwa, balle ranar da kuran ya ɗauke fanka ta tsaya.

Maman Biyu:
Kuma kada uwarta ta ji daga bakinki, zancen zai koma na gida.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gwiwar ba ta kumbura ba, amma zan je a duba. Ranar Laraba zan riga kowa zuwa. Koci, to idan ta ce in ta rage, ƴan matan gaba za su gudu fa?

Koci ta Yantala:
Ba ragewa za ta yi ba, nuna iri biyu za ta yi, mai tsalle da marar tsalle, kowa ya ɗauki nasa. Ke kuma ki bar layin baya, ki tsaya gefe kusa da gaba inda za ta gan ki. Idan wata ya cika ba abin da ya canza, sai ku nemi mai wurin ya buɗe aji na manya da safe, ku ce ita kuke so ta riƙe shi.