Canjin gwiwar Inna: a yi yanzu ko a jira?

Yaya Babba: Likita ya ce a canza wa Inna gwiwa. Shekararta 57. Ni a ganina a dakata. Ƙarfen da ake sakawa yana da wa'adi, in ya cinye sai an sake buɗewa, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada.

Anti Nas: Yaya, wa'adin ba gajere ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canza suna kai shekara 25. Na ƙugu ne ya fi saurin lalacewa, kusan kashi 58 ne ke kai shekara 25.

Kawu na Bukuru: Sanyin Jos ne ke tayar mata da shi. Zafi na shigowa za ta samu sauƙi.

Anti Nas: Kawu, guringuntsin da ya cinye ba ya tsirowa, ko a zafin Maiduguri aka kai ta. Abin da ke damuna shi ne zaman. Ku duba cinyarta ta dama, ta fi ta hagu sirancewa, ƙafar kuma ta fara gwamewa. Naman cinyar nan shi zai ɗauke ta bayan tiyata. In ya shanye, gashin ƙashi zai ja lokaci, kuma ba lallai ta dawo daidai ba. Ga ƙiba na ƙaruwa, ga hawan jini.

Auta: Ni nake kwana da ita. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango. Sallah a kan kujera take yi, kuma kullum sai ta haɗiye maganin rage ciwo na diclofenac, wani lokacin ko karyawa ba ta yi ba.

Anti Nas: To ka ji, Yaya. Maganin nan in an daɗe ana sha yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Yaya Babba: Na ji, amma tiyatar ma tana da haɗari. Ciwon na iya ruɓewa, jini na iya daskarewa a jijiya. Kuma kuɗin fa? Miliyoyi ake magana.

Anti Nas: Gaskiyarka. Da ciwon bai yi nisa ba, ni ma zan ce a rage ƙiba, a yi gashi, a riƙe sanda. Inna ta wuce nan.

Kawu na Bukuru: To a kai hoton ƙashin zuwa JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitin ƙashi na Dala a ji bakin wani likitan.

Yaya Babba: Na yarda da wannan. Auta, ki tambayi Inna ita me take so, ki turo mana.