Kwas ɗin sati huɗu na koyar da Turanci, in yi ko in haƙura?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na yi digiri a Turanci a jami'ar Umaru Musa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi nan cikin Katsina amma ban taɓa karanta ilimin koyarwa ba, wlh wani lokaci ina gaban allo ina ta zuba yara sun zuba mani ido kawai. Ina ta ganin tallan TEFL (kwas ɗin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na awa 120 a Facebook, wasu kuma suna cewa CELTA, shi ma wani irin kwas ɗin ne. 'Yan kuɗin da na tara ba yawa, ban son in zuba su rijiya.

Malama daga Daura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina ka nufa tukuna? In aikin gwamnati kake so ko dai ka tsaya da ƙafarka a ƙasar nan, ba mai tambayarka TEFL, rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta ƙasa) za a nema, su kuma sai kana da NCE ko digirin ilimi ko PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri) sannan ka zauna jarrabawarsu. Ka nemi fom ɗin PGDE na NTI Kaduna (cibiyar horar da malamai ta ƙasa), suna da cibiyoyi a jihohi, kana aikinka kana karatu. Sai dai ba na wata ɗaya ba ne, ka ware mashi shekara ko fiye.

Tsohon Ticha:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kar a raina CELTA, ni na yi. Na Cambridge ne, awa 120 cikin sati huɗu zuwa biyar, da rubutun aiki guda 4, kuma dole ka koyar da ɗalibai na gaske awa 6 mai horarwa na zaune yana rubuta duk motsinka. Ranar farko da na gama ya nuna mani takarda, ashe ni kaɗai na cinye darasin da surutu ɗalibai ba su buɗe baki ba, kunya kamar in nutse. Daga nan na koyi haɗa su biyu-biyu su yi magana da juna, kuma na daina cewa "kun gane?" don kowa eh zai ce. Matsalarsa tsada, kuma an tsara shi ne kan manya a ƙaramin aji, in ka dawo ajinmu da yara uku-uku kan benci sai ka yi dabara.

Baƙon Layout:
Malam ka yi hattara da masu arhar nan, ni na biya wani shafi, bidiyo kawai da tambayoyin canki-canka, ba wanda ya ga koyarwata, kwana 10 suka turo satifiket, shugaban makarantarmu ko kallonsa bai yi ba. Kafin ka biya ka tambaye su wa zai duba ka kana koyarwa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. PGDE zan fara. Malam Tsohon Ticha, wannan haɗa su biyu-biyu ya ake yi da yara 60 ba tare da aji ya koma kasuwa ba? Gobe nake son in gwada.