Kuskure a sunan fasinja a tikitin jirgi: abin da matafiya suka ba da shawara

A kan tambayar abin da mutum zai yi idan ya ga kuskure a sunansa a tikitin jirgin sama, duk matafiyan da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda da abu ɗaya: sunan da ke tikiti ya dace da na fasfo, kuma a gyara tun da wuri, kada a bari sai an isa filin jirgi.

Idan harafi ɗaya ko biyu ne suka kauce, yawancin kamfanoni na gyarawa, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Mayar da tikitin ga wani mutum dabam kuwa, galibi ba su yarda ba. Wanda ya saya ta hannun wakilin tafiye-tafiye, wurin wakilin zai koma, domin kamfanin jirgin kan ƙi taɓa abin da wakili ya yanka. Matsalar ta fi tsanani idan tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu, don haka a kira da gaggawa.

Shawarar da ta fi burge ni: a tafiyar da ta shafi Amurka, wanda ya saya kai tsaye daga kamfani, aƙalla kwana 7 kafin tashi, galibi yana iya soke tikitin cikin awa 24 da sayensa a mayar masa da kuɗinsa, ya sake saya da sunan daidai.

Bayan gyara, a nemi sabon tikiti ta imel, a duba harafi-harafi.